Garkuwar Da Na Sato Wa Yayana

Ku da kuke bin labarin nan nawa tun farko, na san wasunku sun fara jin haushina, suna cewa Saude ba ta da kara. Ku ɗan tanadi haushin, don abin da na aikata a kakar bana ya wuce na baya. Wanda kuma yau ya fara ji, bari in gajarta masa.

Ni ɗiyar Maiguwa ce, mahauci a Sabon Gida ta ƙasar Madawa. Gidanmu gidan fawa ne, kuma gidan dambe. Baba ya yi zamaninsa a fage har sai da gwiwa ta hana shi. Mu uku muka rayu a ɗakin Inna: Yaya Nuhu, Yaya Lurwanu, sai ni auta. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da yaƙin Nasara ya yi zafi, kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko gardi, wato dogaransa, a ɗebi samari aikin dole na hanyar mota. A unguwarmu sunan Barmo ne ya fito, abokin Yaya Nuhu, wanda a lokacin ya fara aiko mini da goro. Kafin gardi su komo ɗaukarsa, Barmo ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Da suka rasa shi, sai suka tafi da Yaya Nuhu. Bayan wata biyar aka kawo mana rigarsa da hularsa, aka ce ciwon ciki ne, an binne shi can gefen hanyar.

Barmo ya komo farkon daminar bana. Ashe soja ya shiga a Sakkwato, aka haye teku da su har wata ƙasa da ake kira Bama. Ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da akwatin ƙarfe, takalman soja rataye a wuya, ya rame, ya rage magana. Bai yi kwana goma ba ya aiko da goro ta hannun Gwaggo Yalwa, ƙanwar Baba. Baba ko ganyen bai kwance ba ya ce a mayar. Inna in ta ji sunansa sai ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa, Allah na gani, na yi kukan Yaya Nuhu kamar kowa, amma zuciyata ta ƙi bin ta mutanen gidanmu. Wannan shi ne laifina na farko. Na biyun zan ba ku yau.

Da aka gama yankan gero aka kai rumbu, sai labari ya zo cewa 'yan damben Garhanga za su sauka garinmu nan da kwana ashirin. Cikinsu akwai Gado. Bara a Tamaske Gadon nan ya karya wa wani muƙamuƙi, har yau mutumin kunu kaɗai yake iya sha. Ba wanda ya tilasta wa Yaya Lurwanu. Shi da kansa ya miƙe gaban makaɗa ya ce shi zai tare shi, Baba na zaune yana gyaɗa kai.

Tun ran nan gidanmu ya daina zaunuwa. Inna ta ƙona tuwo sau biyu a mako guda, ita da ba ta taɓa ba. Ta karɓo rubutu, ta karɓo layu, ta ɗinke su a warkin Yaya, ta kwance, ta sake ɗinkewa. Ba ta ce wa Baba komai ba, don ta san ba zai janye ɗansa ba bayan gari ya ji. Amma na ga yadda take bin bayan Yaya da ido in zai fita, irin kallon da ta yi wa Yaya Nuhu ranar da gardi suka tasa shi gaba. Namiji ɗaya ya rage mata.

Kullum bayan la'asar Baba na fita da Yaya bayan gida, kusa da turken awaki, ni kuma ina leƙe ta ɓular danga, taɓarya a hannu. Kun san ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Mashin Yaya ba wanda ya raina shi a ƙasar Madawa. Garkuwarsa ce matsalar. Da ya yi niyyar kai duka, hannun hagun nan sai ya sauka har ƙugu, fuska ta zauna fili. Baba kuwa maganinsa ɗaya ne: a sandare hannu, a miƙe shi ƙyam, duk abin da ya zo a karɓe shi da ƙashi. Zai ɗauki ƙotar gatari ya yi ta sauke masa a dantse yana cewa ya ɗaga. Kwana biyar da farawa hannun Yaya ya kumbura, har ba ya iya ɗaga ƙwaryar fura da shi.

A lokacin ne wani abu ya dinga dawo mini, ya hana ni sakat. Wata guda kafin nan, ranar kasuwa, na kai wa Baba abinci rumfar nama, sai ga Barmo ya zo wucewa. Yaya Lurwanu ya ajiye wuƙa ya tsallake tebur ya kai masa duka, ba sallama ba magana. Sau uku ya kai. Ni dai ban ga abin da Barmo ya yi ba sosai. Na ga hannunsa ya tashi ya juya kamar mai kore ƙuda, ƙafarsa ta ɗan gusa, dukan Yaya ya wuce ta gefen kunnensa. Na ukun ma Yaya sai da ya dafa buhun gishirin wani don kada ya faɗi. Barmo bai rama ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki hularsa ya wuce. Mutane suka ce asirin Bama ne.

Na kwana uku ina juya abin. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in fara tsifar kai in bari rabi. Rana ta huɗu na ɗauki tulu kamar za ni rijiya, na zarce gidan Gwaggo Yalwa. Gwaggo tana da lambun albasa a fadama, iyaka ɗaya da na su Barmo, kuma ita kaɗai ce a danginmu take amsa gaisuwarsa. Na faɗa mata abin da nake so. Ta daɗe tana kallona, tana murza taba a leɓe.

"Ke ɗiyar nan, kin san abin da kinka roƙo? In ubanki ya ji, ni da ke duka sai mun bar garinga."

Na ce mata na sani. Na ce ai Yaya ba zai taɓa zuwa wurin Barmo ba ko da za a yanka shi, Barmo kuma ba ya da ƙafar shiga gidanmu, to wa ya rage in ba ni ba? Ta ce mace da dambe, ina aka taɓa ji? Na ce ba dambe zan yi ba, ɗauko saƙo zan yi in kai. Da yamma ta zo gidanmu ta ce wa Inna bayanta na ciwo, a ba ta aron Saude ta taya ta dashen albasa. Inna ta ce in tafi, ko ta huta da zirga-zirgata.

Kada in ɓoye muku, safiyar farko sai da na yi kwalliya. Na ɗaura saƙina baƙi mai ratsin fari, na sa kwalli, na zuba awarwaro shida a hannun hagu, na yafa mayafin Inna na rini. Da muka isa fadama Barmo na cikin ban ruwa, wandon soja yanke a gwiwa, ƙafa duk laka. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo. Ni bai ko ɗago ya dube ni ba sai da ta gama yi masa bayani. Kallon da ya yi mini ya sa na fara jin kunyar kwallin da na sa. Sannan ya tambaya ko Lurwanu ya san da zancen. Na ce a'a. Ya ce ko Baba. Na ce a'a. Ya shiga gonar dawa da ke gefe ya karyo kara mai tsawo, ya bare ganyen.

"Tuɓe awarwaron," ya ce. "Za su yanke ki."

Iyakar zancen soyayyar da na samu ran nan ke nan.

Gwaggo ta shimfiɗa buhu gindin bagaruwa ta zauna tana tsinke irin albasa, ido ɗaya a kanmu, ɗaya a hanya. Barmo bai taɓa ni ba ko sau ɗaya, da karan nan yake komai. Ya ce in tsaya yadda Yaya ke tsayawa. Na miƙe hannu ƙyam irin na Baba. Ya sauke karan a hankali bisa dantsena, ya ce in da hannun Gado ne, to ni na karɓi nauyinsa duka, kuma ƙashi ba ya ƙaruwa da duka, raguwa yake. Ya taɓa gwiwar hannuna da bakin karan har ta lanƙwashe kaɗan, ya ce kada ta yi nisa da haƙarƙari fiye da dunƙulen hannu. Ya ce duka ba a tsayar da shi, hanya ake sauya masa. Hannu ya tashi daga ƙasa ya same shi a gefe, ya juya a daidai lokacin da suka haɗu, ƙugu ya juya tare da shi, ƙafar baya ta gusa, sai dukan ya wuce inda kake a da.

Da faɗi da sauƙi. Karan nan ya sauka a goshina ya fi sau talatin kafin hantsi. Ina ganin ya taso sai in runtse ido. Barmo ya ce laifin ba na hannuna ba ne, na idona ne, ina kallon bakin kara. Ya ce in bar kallon abin da zai buge ni, in kalli kafaɗar mai shi, don kafaɗa ce take fara motsi, hannu daga baya yake zuwa.

A kwana na uku, muna hutawa, Gwaggo ta tambaye shi wane malami ya ba shi wannan asiri. Ya yi ɗan murmushi, na farko da na gani tun komowarsa, ya ce ba asiri ba ne. Bayan an gama yaƙi an sa su gadin fursunonin Jafan a bakin teku, suna sauke kaya daga jirgi. Cikinsu akwai wani gajere mai furfura, da ba su iya faɗin sunansa ba sai suke ce masa Tsoho. Kullum da asuba kafin a buga ƙaho, Tsoho zai tsaya shi kaɗai bayan tanti yana ɗaga hannu yana juyawa, abu ɗaya, sau ɗari, sau ɗari biyu. Wata rana wani soja ya fusata ya kai masa sanda, Tsoho ya kawar da ita sau biyu bai ko ajiye buhun da ke kafaɗarsa ba. Daga ran nan Barmo ya riƙa ba shi rabon tabarsa, shi kuma yana nuna masa. Ba mai jin harshen wani. In Barmo ya yi daidai, Tsoho ya yi gurnani sau ɗaya. In ya yi kuskure, ya buge masa gwiwar hannu da yatsa biyu. Wata huɗu suka yi, kuma a wata huɗun nan bai koya masa duka ko ɗaya ba, tarewa kaɗai.

Na ce mu kwana goma sha biyu suka rage mana. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ya barci.

Rana ta biyar na tare kara bakwai cikin goma. Da azahar na komo gida na tarar Baba na mahauta, Inna ta tafi barkar haihuwa, Yaya na zaune bakin rumbu yana gasa hannunsa da ruwan zafi da tsumma. Na ajiye kwandon albasa na tsaya gabansa, na ce ya mare ni.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko rana ta taɓa ni a fadama. Na ce masa ai dama an ce Gado ko mata ba ya bari, gara in fara sabawa tun da yayana ba zai iya tsare kansa ba balle ni. Na san inda zan taɓa shi. Ya miƙe ya kawo hannu, ba da ƙarfi ba, irin na wasan yaya da ƙanwa. Na ga kafaɗar ta motsa. Hannuna ya tashi shi kaɗai, na juya, tafinsa ya wuce. Ya sake, da ɗan sauri. Ya sake wucewa. Na uku ya same ni a kunne har na ji ƙara, amma bai lura ba, tsaye yake yana kallon hannuna.

Ya gane. Ai shi aka yi wa abin a kasuwa gaban jama'a. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ja da baya ina jiran abin da zai biyo. Ya juya ya kalli ƙofar ɗakin Inna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, murya ƙasa:

"Kada ki hwaɗa mani inda kinka samo shi. Ko na tambaye ki, kada ki hwaɗa. Sake yi in gani."

Haka muka shiga. Da safe ina fadama ina ɗauka, da azahar ina bayan rumbu ina saukewa, da la'asar Baba na bayan gida da ƙotarsa yana rushe abin da muka gina. Ku zo ku ga rikici. Yaya ya zama ba ya nan ba ya can. Gaban Baba zai sandare hannu, jikinsa kuma na son juyawa, sai ya tsaya tsakiya ƙota ta same shi a kai. Da can garkuwarsa sauka take yi, yanzu rawa take. Baba ya jefar da ƙotar wata rana ya ce bai taɓa ganin ɗan dambe na lalacewa ana kallo ba sai nasa. Inna na jin su daga madafa, ta kifa kai bisa gwiwa.

Ran nan ban ci tuwo ba. Na ce shi ke nan, na kashe yayana da hannuna. Da na bar shi da ta Baba, ko ba komai ya san abu guda.

Da safe ban ko gaida Barmo ba na fara zuba masa. Na ce ya cuce mu sau biyu. Da maganar ta fita na so in kamo ta, amma ta riga ta fita. Gwaggo ta daina tsinkar albasa. Barmo ya tsaya riƙe da karan, fuskarsa ba ta sauya ba. Ya ce gaskiyata, kuma kuskuren nasa ne, ya ba ni kaya da yawa. Shi wata huɗu ya samu, ya so ya ɗura wa mutum a kwana goma. Ya tambaye ni ta ina dukan Gado ke zuwa. Na ce kowa ya ce daga sama yake sauko da shi, ta bisa garkuwa. Ya ce to a zubar da sauran duka. Tarewa ɗaya za a riƙe, ta sama: ido a kafaɗa, hannu ya tashi ya juya bisa goshi, ƙafa ta gusa dama. Kada Lurwanu ya yi tunanin ramawa sai ya ji dukan ya wuce. Ya yi ta sau ɗari biyu kullum, a hankali, ba da ƙarfi ba, yana fitar da numfashi duk lokacin da hannun ya juya, har jiki ya riƙe ba sai kai ya tuna ba. Gaban Baba kuma ya yi ta Baba, kada ya haɗa.

Da za mu tafi na tsaya ɗaura mayafi, na ce masa ya yi haƙuri da abin da na faɗa. Ya ce ba komai. Sannan ya ce, yana kallon ruwan da ke bin magudanar lambu:

"Saude, in Lurwanu ya tsaya da ƙahwahunai ranar nan, ko ba a ba ni ke ba, na samu wani abu."

Na bi bayan Gwaggo ina tuntuɓe da kunyoyin albasa.

Kwana shida Yaya ya yi yana abu ɗaya. Ni ke riƙe kara, ina tsaye bisa turmin da na kife don in kai tsawon Gado. In na gaji ya ce in ƙara. Har a hanyar mahauta na hango shi yana tafe hannunsa na tashi yana juyawa, kamar mai gaida wanda ba a gani.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka share fage gabas da kasuwa, kalangu na tashi tun azahar. Inna ta ce ba za ta ba, ta shimfiɗa tabarma ta ɗauki tasbaha. Ni na bi Gwaggo muka tsaya bayan mata masu fura, na hau wani kututture. Baba na gaba cikin manya, da farar rigarsa ta sallah. Can nesa, gindin tsamiya, bayan kowa, na hango mutum tsaye shi kaɗai da wandon soja.

Gado ya fi yadda ake faɗi. Dogo ne, baƙi, kambuna har gwiwar hannu, mashinsa kamar kan taɓarya. Da suka sunkuya suka miƙa garkuwa, na ga ta Yaya a lanƙwashe, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. Na ji wani dattijo na cewa ɗan Maiguwa ya tsorata tun ba a fara ba.

Sun daɗe suna zagaya juna. Sai kafaɗar Gado ta motsa. Wallahi daga inda nake na gan ta, har hannuna ya tashi ya buge ƙwaryar wata mai fura. Dukan ya sauko, hannun Yaya ya same shi a gefe, ya wuce. Fage ya yi wani irin gunaguni. Gado ya sake, ya sake wucewa. Aka raba turmin farko, wato karon farko, ba wanda ya taɓa wani.

A turmi na biyu Yaya ya ji daɗi, ya manta. Ya yi niyyar kai nasa tun dukan Gado bai wuce ba, hannun hagu ya sauka kamar yadda ya saba. Allah ya sa ƙafarsa ta riga ta gusa. Dukan ya goge shi a kunne ya tsaga, jini ya wanke masa wuya. Ya yi tangaɗi, gwiwarsa ta kusa ƙasa, ya miƙe. Na cusa bakin mayafi a baki na cije. Da aka raba, ya ɗago yana neman wani abu cikin mata. Ban san ko ya gan ni ba, amma na ɗaga hannu bisa goshi na juya shi.

A na uku Gado ya fusata. Ya ga jini, yana son gamawa. Ya taho da dukan da duk jikinsa, har ƙafarsa ta baya ta bar ƙasa. Yaya ya tare, ya gusa, Gado ya zarce da nauyinsa, sannan ne Yaya ya sauke masa mashi a haƙarƙari, gajeren duka, ba wani na a zo a gani ba. Gado ya dafa ƙasa da hannu biyu. A dambe wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi.

Ba zan iya ba ku labarin ihun ba, don ban ji shi ba. Na sauko daga kututturen. Na duba gindin tsamiya, ba kowa. Na duba wurin manya. Ana ta kama hannun Baba ana yi masa barka, shi kuwa bai yi dariya ba, hannun hagun ɗansa yake kallo.

Kafin magariba 'yan barka sun watse daga gidanmu. Inna na wanke wa Yaya kunne da ruwan bagaruwa, tana kuka tana dariya. Gwaggo na shirin tafiya Baba ya ce ta dakata. Ya zauna bisa turmi ya kira Yaya, ya ce shekara talatin yana fage, daga nan har Ƙwanni ba garkuwar da bai sani ba, wannan ba tasu ba ce, kuma sau ɗaya ya taɓa ganinta, a bakin rumfarsa.

"Wa ya koya maka?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shi bai tambaya ba. Baba ya sake tambaya. Na ga Yaya zai ɗauki abin shi kaɗai, da kunnensa a tsage. Na fito daga madafa na durƙusa na ce ni ce. Na faɗi komai, fadama, kara, dashen albasar ƙarya. Inna ta saki tsumman cikin kasko. Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba, kallon nan ya fi mini mari ciwo.

Na zaci Baba zai tashi da ƙota. Sai ya ce in miƙe. Ya zo gabana ya ɗaga hannunsa, wannan hannun da ya kashe maza, ya sauko da shi a hankali bisa kaina. Na tare, na juya, na gusa. Ya tsaya hannunsa a iska. Ya sake sau ɗaya. Sannan ya koma ya zauna kamar wanda ya yi tafiyar yini, ya ce wa Gwaggo ta faɗa wa yaron ya zo gobe da hantsi. Ya ce ba zancen aure ba ne, kada kowa ya sa rai. Yana so ya zo ya faɗi da bakinsa yadda tafiyarsa ta kasance, daga farko har ƙarshe, gaban uwar Nuhu.

Gari na wayewa na share tsakar gida sau biyu, na wanke tabarmar baƙi, na canza zane sau uku. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Gwaggo. Ba ta shiga wurin Inna ba, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce Barmo ya ce zai zo, amma ya roƙe ta ta fara gaya mini wani abu, don kada in ji shi tsakiyar mutane. Ta tambaye ni ko na tuna kwana biyun da aka ce Baba da Nuhu sun tafi sayen san yanka, a makon da Barmo ya gudu, suka komo hannu wofi. Na ce na tuna.

"Ba sayen sa sunka tahi ba. Su biyu sunka gudu, Barmo da Nuhu. Ubanku ya bi su bisa doki ya cim masu dab da iyaka. Ya ce ba za a ce ɗan Maiguwa ya gudu ba. Shi ya komo da Nuhu gida da hannunai. Bayan kwana ukku gardi sunka zo."

Na jingina da rumbu. Na ce Inna ta sani? Ta ce daga Baba sai Barmo, sai ita jiya. Shekara huɗu Barmo yana ɗauke da sunan wanda ya kashe abokinsa, bai buɗe baki ba.

Na leƙa tsakar gida. Baba na zaune bisa tabarmar da na wanke, ya sa farar rigarsa, hannuwansa bisa gwiwa. Shi ya ce a kira Barmo, kuma ya san abin da Barmo zai faɗa. Ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta fito ta zauna, ta bar wankin nan. Ta fito tana goge hannu da gefen zane, ba ta san komai ba, ta zauna nesa da shi kaɗan. Yaya ya fito da tsumma ɗaure a kunne ya tsaya jikin danga.

Sai muka ji sallama a zaure.